Darasin Zane a Ajin Farko na Kwaleji: Tarihinsa da Matsayinsa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne darasin zane, watau wanda ake fara koya wa ɗalibi a shekararsa ta farko a sashen zane-zane na kwaleji ko jami'a. Zan bi tarihin wannan darasi tun daga inda ya samo asali har zuwa shigowarsa ƙasar nan, sa'an nan in gwada shi da irin koyon zanen da Bahaushe ya gada kaka da kakanni.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da fensir da gawayi? To, kalmar ce da kanta ta haɗa mu. Zane tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe, kuma tana da faɗi ƙwarai. Wanzami yana yin zane a fuska, magini yana yi a bango, maɗinki ba ya soka allura a babbar riga sai an zana masa ita, ranar bakwai ga haihuwa akan yi zanen suna, yau kuma ga 'ya'yanmu suna zana jarrabawa. Ma'ana guda ce take gudana cikin waɗannan duka, watau a sa alama da gangan, a wurin da ya dace, yadda za ta zauna. Al'ummar da ta ɗora wa kalma ɗaya wannan yawan aiki ba baƙuwar zane ba ce. Amma duk da haka, ajin zane na kwaleji ya yi kimanin shekara saba'in a Zariya, a tsakiyar ƙasar Hausa, har yanzu kuwa iyaye da yawa suna ɗaukarsa wasan yara, ko kuwa wani baƙon abu da bai shafe su ba.

Abin da nake so in nuna shi ne, makarantun zane biyu ne suka zauna kafaɗa da kafaɗa a ƙasar nan, ta Bature da ta Bahaushe, kowace da ƙa'idodinta, amma ba a haɗa su yadda ya kamata ba, kuma rashin haɗa su ya jawo mana hasara. Zan riƙa ɗauko misalai daga Daudawa da kewayenta, watau ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, domin ƙasar auduga ce, kuma za mu ga yadda tarihin auduga ya sarƙe da tarihin wannan darasi.

Abin da Ake Koyarwa a Ajin Farko

Kafin mu shiga tarihi, ya kyautu mu san abin da darasin ya ƙunsa. A ce yaro ya taso daga Daudawa, ya biyo ta Funtuwa, ya sauka a Samaru, an ɗauke shi a sashen zane-zane. Ranar farko ba za a ce ya zana sarki bisa doki ba. Takarda za a ba shi da fensir ko gawayi, a ce ya ja layi: miƙaƙƙe, da lanƙwasasshe, da mai kauri, da siriri, ba tare da rula ba, kuma da motsin kafaɗa duka, domin layin da aka ja da 'yan yatsu kaɗai gajere ne, mai rawa. Zai yi ta yi har hannunsa ya faɗa.

Mataki na biyu shi ne siffa. Za a nuna masa cewa yawancin abubuwan da ido yake gani ana iya mayar da su ga siffofi huɗu: dunƙulalle kamar ƙwallo, da mai kusurwa kamar akwati, da mai kama da gwangwani, da mai tsini kamar mazurari. Alal misali rumbu, ai gwangwani ne aka kifa masa mazurari a ka. Tulu kuwa ƙwallo ne da ɗan gajeren gwangwani a wuya. Wanda ya gane wannan ya huta da tsoron kowane abu da za a ajiye a gabansa.

Na uku shi ne awo. Ɗalibi yakan miƙe hannu sosai riƙe da fensir, ya runtse ido ɗaya, ya auna tsawon tulun da babban yatsa a jikin fensir, sa'an nan ya juya fensir ya ga sau nawa faɗin ya shiga cikin tsawon. Da wannan dabara ce zai gane cewa tsawon babban mutum yakan kai kimanin kansa bakwai da rabi, kuma idanu a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba kamar yadda yara suke zana su.

Na huɗu shi ne haske da inuwa. Da'ira a takarda faifai ce kawai, sai an sa mata duhu a gefen da haske ba ya bugu, an kuma shimfiɗa mata inuwa a ƙasa, sa'an nan take zama ƙwallo. Na biyar kuma shi ne ƙa'idar nesa da kusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar hanyar jirgin ƙasa a Funtuwa, wadda aka shimfiɗa daga Zariya har ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ya ga yadda ƙarafan nan biyu suke matsowa kusa da juna har su haɗu a can inda sama ta taɓa ƙasa, alhali kuwa kowa ya san ba su haɗu ba. Ƙa'idar tana koya wa ɗalibi yadda zai sami wannan mahaɗa a takarda, da yadda abu yake ƙanƙancewa gwargwadon nisansa.

In muka duba waɗannan matakai biyar, za mu ga ido ake horarwa fiye da hannu. Mutum ya san bakin tulu da'ira ne, saboda haka in aka ce ya zana shi sai ya yi da'ira, ko da kuwa daga inda yake zaune abin da yake gani ya fi kama da ƙwai kwance. Aikin malami a shekarar nan duka shi ne ya raba ɗalibi da abin da ya sani, ya tsayar da shi a kan abin da yake gani. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A wannan aji kuwa gani yakan kori har abin da mutum yake zaton ya sani.

Asalin Darasin

Wannan tsari ba rana ɗaya aka ƙaga shi ba, kuma ba Turawa kaɗai suka gina shi ba. Tushen ƙa'idar nesa da kusa yana cikin ilmin gani, babban malamin wannan ilmi kuwa shi ne Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido bisa miƙaƙƙun layuka, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske. An fassara littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, malaman Turai suka yi ta karanta shi. A farkon ƙarni na 15 wani magini na birnin Fulorans a Italiya, Filippo Brunelleschi, ya nuna yadda za a yi amfani da waɗannan layuka a zana gini ya fito kamar ana ganinsa, kuma a 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar a littafi.

A 1563 aka kafa makarantar zane a Fulorans bisa shawarar Giorgio Vasari, a 1648 kuma aka kafa ta sarkin Faransa a Faris. A irin waɗannan makarantu ne aka tsayar da jerin da aka daɗe ana bi: ɗalibi ya fara da kwaikwayon zanen malamai, sa'an nan ya zana mutum-mutumin Girkawa da Rumawa da aka zuba da farar ƙasa, daga ƙarshe a kawo masa mutum mai rai ya tsaya a gabansa. Fensir ɗin ma yana da nasa tarihi, domin a 1795 ne wani Bafaranshe, Conté, ya gano yadda za a cuɗa baƙin ma'adinin da ake rubutu da shi da yumɓu a gasa. In yumɓu ya yi yawa sai fensir ya yi tauri, in ya yi kaɗan sai ya yi laushi da baƙi. Wannan shi ne asalin haruffan H da B da muke gani a jikin fensir.

Ingila, wadda daga gare ta darasin ya zo mana, dalilin ciniki ne ya sa ta rungume shi. A 1835 majalisar ƙasar ta naɗa kwamiti ya binciki abin da ya sa kayan masana'antunta, musamman yadi, ba su kai na Faransa kyan zane ba. Sakamakon wannan bincike ne aka buɗe makarantar koyon zanen kayayyaki ta gwamnati a Landan a 1837, daga 1852 kuma, a ƙarƙashin Henry Cole, aka shiga baza darasin zane a makarantun yara. A Jamus kuwa, makarantar Bauhaus da aka buɗe a 1919 ita ce ta fito da ajin share fage, inda kowane ɗalibi, ko magini zai zama ko masaƙi, sai ya fara da nazarin layi da siffa da launi. Ajin farko na kwalejojinmu ya gaji waɗannan gidaje duka.

A nan ne Daudawa ta shigo cikin labarin. A cikin shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar yaɗa irin auduga a Daudawa, kamfanin B.C.G.A. kuma yana gurzar auduga a Funtuwa, jirgin ƙasa yana kwashe ta zuwa bakin teku. Audugar ta tafi Ingila fara fat, ta komo mana atamfa, da tsada ninkin ba ninkin. Cikin abin da ya ƙaru a kanta akwai kaɗi da saƙa, amma abin da mace take dubawa a kasuwa kafin ta buɗe bakin zanenta ta biya, ai adon da ke jikin atamfar ne. Wanda ya yi wannan ado kuwa ya fara ne da jan layi a irin ajin da na bayyana.

Makarantar Zane ta Bahaushe

To, shin kafin zuwan Bature Bahaushe ba ya koyon zane? Yana koyo, kuma bisa tsari. Ajinsa na farko shi ne makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, yana bin rubutun malaminsa da ido, har ranar da za a ba shi alƙalami ya rubuta da kansa. Zai koyi feƙe alƙalami, da dafa tawada da ƙaro, da daidaita layi a allon da ba shi da sharara, da sanin inda harafi yake kauri da inda yake sirancewa. In ya kuskure a wanke, ya sake. Wannan horon hannu ne na shekaru, wanda ɗalibin kwaleji yake ƙoƙarin samu a wata tara.

Daga rubutu sai zayyana. Allon da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da alamomin hizbi da nisfi da rubu'i da sumuni da sujada da marubuta suke ƙawatawa da ja da rawaya da kore, duk aiki ne na raba fili bisa awo, da daidaita dama da hagu. Marubuta irin su Sharif Bala na Kano sun kai wannan fanni matsayin da har aka ɗauki hoton rubutun hannunsu aka buga, ana sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma. Ba ado kaɗai alƙalamin malamai ya iya ba. A 1824, da Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, an ba shi taswirar ƙasashe da koguna wadda aka zana a can, aka kuma buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsa.

Aji na biyu shi ne zauren maɗinka. Babbar riga, ko ta saƙi ce ko ta tsamiya, sai mai zane ya shimfiɗa ta ya zana aska biyu ko aska takwas, da tambari, da gidan biyar, da dagi, da alƙalami da tawada, ba tare da wani samfur a gabansa ba. Sau da yawa masu wannan zane malamai ne ko almajirai, watau hannun da allo ya horar shi ne ya koma kan tufa. Aji na uku kuma na magina ne. Malam Mika'ilu Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, ya ɗaga bakan gizo da azara da ƙasa, ya kuma ƙawata ginshiƙai da zane mai zurfi wanda haske da inuwa suke fito da shi. A tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya da Kano har keke da mota da jirgin sama da agogo suka riƙa sakawa a fuskar gidajen attajirai. Ban da waɗannan akwai dukawa, da masu zanen ƙwarya, da mata masu ƙunshi da masu saƙar faifai, da masu shafe ɗaki da farar ƙasa irin wadda Allah ya hore wa Ƙanƙara.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya game da bambancin makarantun biyu. Ta Bahaushe hadda take koyarwa, da daidaito, da cika fili, da layi mai ƙarfi wanda ba a gogewa. Ba ta damu da zurfi ba, ba ta kuma sa ɗalibi ya zauna gaban tulu ya auna shi. Ta Bature kuwa kallo take koyarwa da awo da zurfi, amma ɗalibinta yakan fita bai iya zana dagi da ka ba. Kowace tana da abin da 'yar'uwarta ta rasa.

Shigowar Darasin Nijeriya

A Kudu, wanda ya buɗe wannan ƙofa ɗan ƙasa ne, watau Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, wanda aka haifa a 1882 ya rasu a 1963. Da kansa ya koya wa kansa zane, sa'an nan ya yi karatu a Landan da Faris daga 1920 zuwa 1922, ya komo yana zagaya makarantun Ikko yana koyarwa. Burinsa shi ne ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya zane irin na Turai ba, saboda haka ya riƙe ƙa'idar nesa da kusa da ƙarfi. Shi ne kuma ya matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo Kenneth Murray a 1927. Abin mamaki, Baturen sai ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Onabolu. Shi a ganinsa bai kamata a cusa wa yara ƙa'idodin Turai ba, gara su zana rayuwar ƙauyukansu, su kuma koyi sana'o'in iyayensu. Daga cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu. Tun daga nan gardamar ta tashi: shin a koya wa ɗan Afirka ƙa'idar duniya ne, ko a bar shi a kan gadonsa?

A Arewa labarin dabam ne. Makarantar da Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda ake koyar da dukanci da saƙa da ƙira da kafinta, an kuma horar da malaman awon ƙasa domin aikin haraji. Watau ta ƙofar safiyo da taswira fensir da rula suka shigo mana. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, malaman makaranta aka kafa ta ta horar, ƙarfinta kuwa yana kan Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa. Mutanen da ta yaye su ne suka riƙe mulkin Arewa daga baya, kuma ba su taso da ganin zane a matsayin ilmin da mutum zai ba da rayuwarsa a kai ba. Yawancin yaran Arewa a littattafan karatu irin su Magana Jari Ce, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, suka fara ganin zane mai zurfi da inuwa.

Zariya da 'Yan Tawayenta

Sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'a ta Nijeriya a reshen Badun aka fara shi a 1953, aka mayar da shi Zariya a 1955, ya kuma zama ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Yawancin malamansa na farko Ingilishi ne, ko da yake akwai 'yar ƙasa, Clara Ugbodaga-Ngu, a cikinsu. Manhajar kuwa ta makarantun Landan ce: zanen kayan da aka jera, da zanen mutum mai rai, da sanin gaɓoɓin jiki, da ƙa'idar nesa da kusa. Fasahar Afirka ba ta da wani gurbi na kirki a ciki, alhali kuwa Masallacin Babban Gwani yana nan 'yar tafiya kaɗan daga ajin.

A watan Oktoba na 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Ba su ƙaurace wa aji ba, ba su kuma jefar da abin da aka koya musu ba. Ra'ayinsu, wanda Uche Okeke ya bayyana a 1960, shekarar samun mulkin kai, shi ne a auri dabarar da aka koya a aji da gadon da aka taso da shi a gida, har su zama abu ɗaya. Lokacin hutu kowa yakan koma garinsu ya nemi tsofaffi, ya kwafo zanen gargajiya da tatsuniyoyi. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ra'ayinta ya bazu. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, kuma da ya zama shugaban sashen zane na Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa sai ya sa nazarinsa cikin koyarwa, har aka san jami'ar da wannan salo a duniya.

Abin lura a nan shi ne, cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya a Zariya babu Bahaushe ko ɗaya. Abokin karatunsu daga Jihar Arewa, Jimo Akolo, mutumin Egbe ne a Lardin Kabba, wanda ya yi makaranta a Keffi, shi ne kuma ya riƙa zana mahayan dawaki da shagulgulan Arewa. Nazari mai zurfi a kan zanen rigunanmu kuwa wani Bature ne, David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya daga 1967 zuwa 1979, ya yi shi, ya kuma shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Domin kada a ce abin ba ya yiwuwa ga wanda ya taso a makarantar allo, sai mu dubi Sudan. Ibrahim El-Salahi ɗan malamin Alƙur'ani ne daga Umdurman. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ya komo gida da zane irin na Turai, mutanensa ba su kula shi ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da siffar allo da adon kayan gida, ya gina salonsa a kansu. A 2013 gidan nuni na Tate Modern a Landan ya keɓe masa babban nuni shi kaɗai. Allonsa da namu kuwa iri ɗaya ne.

Abin da Ya Hana, da Abin da Ya Kamata

Dalilan da suka nisanta 'ya'yan Hausawa daga wannan aji uku ne a ganina. Na farko, ƙarancin makarantun sakandare a Arewa a lokacin da aka buɗe sashen, ga kuma bukatar 'yan kaɗan da suka gama su cike guraben En'e da na gwamnati. Na biyu, yadda al'ada ta ɗauki aikin hannu a matsayin gadon wasu gidaje, har ɗan boko yana ganin ya wuce shi. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne batun sura a addini.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamansa ne. Amma ya kyautu a san cewa malaman Malikiyya, mazhabar da aka daɗe ana bi a ƙasar nan, sun rarrabe. Surar abu mai rai wadda take da jiki cikakke har tana yin inuwa, ita suka haramta. Wadda aka zana a takarda ko bango, ba su kai ta wannan matsayi ba, ko da yake sun ce barinta ya fi. Itatuwa da gidaje da duwatsu da kayan aiki kuwa babu laifi a zana su. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa game da abu mai rai, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Sai dai matakai biyar ɗin nan da na lissafa, ana iya koyon kowannensu da tulu da rumbu da garma da ganyen auduga. Wanda ya guje wa ajin duka saboda ɓangare ɗaya ya yi hasarar ilmin da injiniya da magini da mai safiyo da malamin kimiyya suke bukata, domin galibi sai an fara zana gada ko inji kafin a ƙera shi.

Hasarar kuwa a fili take. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, amma yawancin manyan sun rufe a cikin shekarun 2000. Yau galibin atamfar da ke Kantin Kwari daga ƙasar Sin take zuwa. Injin kwamfuta yana yi wa riga aiki cikin sa'o'i kaɗan, amma ba ya ƙaga ado, sai abin da mai zane ya ba shi. Siminti da kwano sun kori maginan ƙasa, tsofaffin masu zanen riga suna ƙarewa, abin da ke cikin kansu kuwa hadda ce, in sun tafi ta tafi.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko ga malaman kwalejoji: a shigar da gadonmu cikin makonnin farko na darasin, a matsayin horo, kada a bar shi sai shekarar ƙarshe. Dagi ya isa darasin layi, domin zare ne yake hawa yana nutsewa har ya komo inda ya faro. Aska ta isa darasin kusurwa da awo, zayyana ta isa darasin raba fili, bakan gizo kuma ya isa darasin lanƙwasa. Bayan haka a ajiye tulu a auna shi kamar yadda ake yi a ko'ina cikin duniya. Ta biyu ga ma'aikatan ilmi: manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ba zane gurbi a makarantu, saboda haka kada a tura malamin da ya karanci zane ya koyar da wani darasi dabam, kuma a nemi hanyar gayyatar gwanayen sana'a su shiga aji a biya su haƙƙinsu, ko da ba su da takardar shaida. Kayan aikin ba su da tsada, gawayi da takarda sun isa a fara. Ta uku ga mu masu nazarin harshe, da ku ɗalibai: a bi magina da maɗinka da dukawa da marubuta a Daudawa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da sauran garuruwa, a kwafi zanensu, a rubuta sunan kowane ado da yadda ake fara shi, domin daga bakinsu ne za mu sami kalmomin da za a koyar da wannan darasi da Hausa.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa ajin farko na zane ya tattaro ilmin malamin Basra, da dabarar maginin Fulorans, da bukatar masaƙun Ingila, kafin ya sauka a Zariya a 1955. Mun ga kuma cewa ya tarar da Bahaushe da tasa makaranta a allo da riga da bango. Ɗaliban 1958 sun nuna yadda ake haɗa biyun, kowa da gadon garinsu, amma kason ƙasar Hausa na wannan aiki yawancinsa yana nan yana jiran masu yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gwanayen da za a tambaya ba za su daɗe suna jiranmu ba. Ina fata cikin ɗaliban da ke zaune a nan a sami waɗanda za su ɗauki wannan nauyi, cikin ma'aikata kuma a sami waɗanda za su share musu hanya.